Mai Goyo Ya Fito

Asabar, da hantsi

Ya sha shayi kofi biyu. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallonsa yana hurawa, yana hurawa, yadda yake yi tun ranar da na san shi, wai kada ya ƙona masa harshe. Shekaranjiya aka zaro yayana daga ramin dagwalon kamfanin fatu, yanzu yana kwance a asibiti da roba a maƙogwaro, inji na yi masa numfashi. Shi kuwa wanda suka sauka ramin tare, mijina, ga shi a falona lafiya ƙalau yana tsoron zafin shayi.

Na ɗauke kofin tun bai gama ajiye shi ba.

Asabar, da la'asar

Yaya, wanda in ya yi dariya a ƙofar gida ake jin sa a layi na gaba, yau ƙirjinsa na hawa yana sauka amma ba shi ke yi ba. Inna na zaune riƙe da babban yatsan ƙafarsa, don nan ne kawai babu allura babu waya. Matarsa tana jingine da bango, ba ta kuka, ba ta magana.

Barandar asibitin kuwa cike take da abokan aikinsu, kowa da labarin jarumtarsa. Dogo ya fi kowa baki. Wai da shi ne a ƙasa, da a kafaɗa zai saɓo Yaya ya hau tsanin da shi. Dogon da kowa ya san ranar yana sama riƙe da tiyo, da jiniya ta yi kuka kuwa a bakin get aka tsince shi da takalmi ƙafa ɗaya. Da suka gan ni sai muryoyi suka yi ƙasa, suka shiga yi mini sannu, irin sannun da ake yi wa matar ɓarawo.

Lahadi, da safe

Gwaggo ta iso. Ko mayafi ba ta cire ba ta ja ni gefe, wai in gaya mata mene ne wannan abin da ake cewa mijina ya saka ya gudu.

Na yi mata bayani yadda shi ya sha yi mini ina saurare da kunne ɗaya. 'Yar jaka ce ruwan goro mai bel, ana ɗaura ta a bayan ƙugu. A ciki akwai hular roba mai rufe kai har wuya, da gilashi a gaba, da 'yar tukunyar iska kamar filas. Dagwalon fatu in ya kwanta a rami yana tara wata iska mai warin baragurbi. In ta yi yawa ma hanci daina jin ta yake, sai dai mutum ya ji ƙafafunsa sun tafi. To sai ya zaro hular ya zura kai, iska mai kyau ta zo masa ta 'yan mintoci, daidai hawan tsani. Ta fita ce kawai. Ba a shiga ramin da hular a kai, ba a tsayawa aiki da ita, ba ta isar mutum biyu.

Gwaggo ta ce, "Shi kaɗai aka ba?"

Na ce kowa da tasa.

"To ta yayanki fa?"

Tana ƙusa. A bangon da ke saman tsanin akwai jerin ƙusoshi, Yaya da hannunsa ya kafa su. Tsofaffin hannu ba sa sauka da jakar. Wai tana kama bakin rami, wai tana sa ƙuraje a baya. Gaskiyar maganar ita ce duk wanda aka gani da ita sabon shiga ne. Goyo suke ce mata. Sabon ma'aikaci zai yi 'yan watanni da goyonsa ana yi masa tsiya, ranar da ya rataye ta a ƙusa ya saya wa kowa shayi, shi ke nan ya zama mutum. Mijina shekara da shekaru yana wurin bai rataye ba. Yaya ne ya raɗa masa Mai Goyo, sunan ya bi shi har unguwa. Ranar da ya fara kawo mini shi ma da sunan ya gabatar da shi. Ya ce, "Ga Mai Goyo, ba ya shan taba, ba ya faɗa, ba ya komai. Daidai ke."

Gwaggo ta taɓe baki. "Namiji ya ga ɗan'uwa a ƙasa, ya rufe kansa ya hau. To."

Na buɗe baki zan kare shi. Da na duba, abin da ta faɗa shi ne a bakina, sai na rufe.

Litinin, da azahar

Kamfani ya turo mana jami'in kula da lafiyar ma'aikata. Takalminsa na fara gani, baƙi mai tsini, yana ƙyalli. Takalmin da bai taɓa sanin hanyar ramin dagwalo ba. Ya zauna a kujerata mai kyau, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce wa mijina ya bi ƙa'ida tsaf, shi abin koyi ne, za a manna hotonsa a ɗakin cin abinci. Ya ce da kowa ya yi kamarsa da ba a kai nan ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙusoshin fa? Yau ka ji labarinsu?"

Ya ce ana bincike. Yaya ya taɓa gaya mini mutumin nan in ya zo zagaye a ƙusar ƙarshe yake rataye lemarsa.

Mijina bai ɗago kai ba har ya tafi. Ya raka shi ƙofa, ya kulle, ya murɗa hannun ƙofar ya ga ko ta kullu, ya sake murɗawa. Dā dariya abin ke ba ni.

Talata, da yamma

Babu canji.

Laraba, da hantsi

Na ce masa kada ya je. Ya ce ba zai yiwu surukarsa na kwana a kujerar asibiti shi yana gida ba. Ya sayi lemo da ruwan roba, ya biyo ni a baya kamar ɗan aike.

Ya durƙusa ya gaida Inna. Ba ta juyo ba. Ya sake gaishe ta. Ta ce, a hankali, idonta na kan Yaya, "Ka fita, kada ka shanye masa iskar ɗakin."

Ya ajiye ledar a ƙasa ya fita. Ya bi ta tsakiyar su Dogo, suka dare masa hanya, babu wanda ya miƙa masa hannu. Na ji kunya, amma ba kunyar abin da aka yi masa ba. Kunyar yadda yake tafiya na ji, kafaɗa a sunkuye, yana kauce wa inda aka goge ƙasa kada santsi ya kwashe shi.

Alhamis, gab da magariba

Ya zo ɗaukata a shago kamar kullum. Maimakon ya jira a kan babur sai ya shigo ya zauna a bencin masu jiran ɗinki. Ya ce, "Ina so in gaya miki yadda aka yi."

Na ce ina da wuyan riga da zan gama.

Ya ce, "Da yayanki ya durƙusa, na zaci igiyar takalmi yake ɗaurewa. Na kama hannunsa, na—"

Na taka keke. Na ɗinka wuyan, na ɗinka hannu, na bi ta kan ɗinkin da na riga na yi. Bakinsa na motsi na ɗan lokaci, sannan ya daina.

Tafin hannayensa duk a saluɓe suke, kuma tun ranar ba ya iya ɗaga hannun dama ya sa riga sai ya karkace. Na gani. Ban tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba. Ko me ya ja, bai kawo shi sama ba.

Juma'a, da safe

Babu canji. Ya sha shayi.

Asabar, da azahar

Matar Yaya ta fito daga ɗakin asibitin da takalmansa a cikin leda.

Litinin, da la'asar

Gidan Inna ya cika, tabarmi har titi. Ina nan tun shekaranjiya, kuma nan zan zauna.

Mata na shigowa su yi kukan minti biyu, su goge ido, su shiga ƙare wa labulen Inna kallo. Wata har ta tambaye ni ko zan iya gama mata ɗinkinta kafin ƙarshen wata. Daga taga ina jin maza a waje. Yaya ya zama labari tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Wai shekara nawa yana sauka ramin nan bai taɓa ɗaura goyo ba. Wai hancinsa ya fi na'urar kamfani. Heluman ɓangarensu, shugaban leburori, ya ce irin Yaya ba a sake haifarsu, namijin duniya. Sai duk suka gyaɗa kai suna cin shinkafar Inna. Abin da ya kashe shi suke yabo, ba wanda ya lura.

Abin haushin, daɗin jin su nake.

Mijina kuma yana can ƙarshen tabarma ta ƙarshe, wajen kwata. Ba wanda ya sa shi, shi ke cika butoci, shi ke kwashe kwanuka da hannunsa ɗaya mai lafiya. In ya miƙa wa mutum ruwa sai a karɓa ana kallon wani wuri.

Laraba, da safe

Wani ya ɗaure 'yar tsana da tsumma a bayan babur ɗin mijina, a ƙofar gidan makoki. Ba aikin yara ba ne, ƙullin na manya ne. Ya kwance ta a hankali, ya duba ko ta wata yarinya ce, ya ajiye ta a kan dakali. Ko jifa da ita bai yi ba. Da Yaya aka yi wa haka da yau wani ba shi da haƙoran gaba.

Alhamis, bayan magariba

Baƙi sun fara raguwa. Ina shafa wa Inna magani a gwiwa ta ce, "Ni ba zan ce ki rabu da shi ba, kada gobe a ce ni na kashe miki aure. Amma ban san yadda za ki kwanta kusa da shi kina jin numfashinsa ba."

Ban san ta sani ba. Kwanakin da Yaya ke asibiti, in na farka da asuba abin da nake ji ke nan. Yana ja, yana saki, sumul, ko tari babu. Har filo na taɓa dannewa a kunnena.

Na ce mata ba inda za ni.

Asabar, da hantsi

Mijina ya zo da jakar kayana da cajar waya, har da silifas ɗin wanka, ya jera komai a ninke. A soro ya tsaya, bai shigo ba. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

Ya ce, "An ce jibi za a buɗe ɓangarenmu."

Na ce Allah ya ba da sa'a.

Ya ce, "Yaushe za ki dawo?"

Na ce Inna na bukatata.

Ya tsaya yana murza makullin babur. Ya ce gidan ba daɗi. Ya ce in wani abu ya faru ba wanda zai sani sai an ji wari. Wai wasa yake, har da ɗan murmushi.

Na ce, "Kai? Ai kai ba abin da zai taɓa samunka. Ka iya kula da kanka, kowa ya shaida."

Ya dube ni. Tun da aka yi abin nan bai dube ni a ido ba sai yau. Ya ce, "Haka ne." Ya ce in gaida Inna, ya tafi. Na ji sanyi a raina, irin na wanda ya daɗe yana son ya yi tari.

Litinin, da azahar

Na buɗe shago. Ƙura ta rufe keke, gizo-gizo har ya yi gida a kan zaren. Daga nan ana jin jiniyar kamfani in an tashi cin abinci, yau ta yi kuka a karon farko tun ranar. Masu shaguna suka ɗan tsaya, suka ci gaba da ciniki.

An ce mai takalmi mai tsini ya tara su a fili, ya yi musu lacca da lasifika, ya sa an zare ƙusoshin gaba ɗaya a gaban manya, an ɗauki hoto. An raba sababbin jakunkuna. An manna hoton mijina a ɗakin cin abinci. Kafin a tashi wani ya zana masa ɗankwali da biro.

Laraba, da yamma

Bai kira ba. Ban kira ba.

Juma'a, da la'asar

Matar Dogo ta zo gwajin riga. Mace ce da ba ta iya riƙe labari ko na tsawon ɗaura ɗankwali, na ga bakinta na ƙaiƙayi tun daga ƙofa. Ina durƙushe ina kama mata ƙasan siket da fil ta ce, "Ke kam sai ki gode wa Allah, mijinki ya gyaru."

Na ce dā ciwo yake?

Ta ce ai an mai da ƙusoshin tun ranar Talata, a bayan bututu inda ba a gani daga ƙofa. Ta ce shekaranjiya mijina ya kwance goyonsa a gaban kowa, ya rataye, ya saya wa ɓangaren shayi har da burodi. Ta ce yanzu shi ke cewa a bar shi ya fara sauka, shi ke fitowa ƙarshe. Wai Dogo ya ce in ya ɗore a haka za a manta.

"Sai dai an makara," in ji ta, "amma ai gara haka. Ko ba komai ya san ya yi abin kunya."

Fil ya shige mata a ƙwauri. Na ba ta haƙuri.

Yanzu ya ga dama. Yanzu da ba ta da amfani ga kowa ya samo jarumtarsa. Mutumin da ke duba tayar babur kafin ya je sayen burodi. Ya je ya yi ta yi, su tafa masa.

Asabar, da azahar

Jiniya ta yi kuka na soke yatsana da allurar keke. Ta cin abinci ce.

Litinin, da hantsi

Na yanka hannun riga biyu duk na hagu, a yadin mutane. Tun da na fara ɗinki ban taɓa yin haka ba.

Ina ta lissafin abin da ba na son lissafawa. Wai tsanin ƙarfe ne a miƙe, kuma in dagwalo ya taɓa shi santsi yake. Hannunsa na dama bai warke ba.

Litinin, da azahar

Ta cin abinci ce.

Talata, da la'asar

Ina wanke-wanke a bayan ɗakin Inna, matar Yaya ta zo ta tsuguna tana ɗauraye mini. Tun ranar asibiti ban ji ta haɗa kalma biyar ba. Ta ce, "An ce mijinki ya rataye tasa."

Na ce haka na ji.

Ta ce, "Kin san sau nawa na roƙi yayanki ya ɗaura abin nan? Har kuka na yi masa. Ya ce in rufa masa asiri, so nake a mai da shi Mai Goyo na biyu. Ya yi dariya, na biye masa muka yi, don in yana dariya ba ka iya ƙi."

Ta juya kwano ta kife.

"Duk masu zuwa suna ce mini na auri namiji. Ga shi nan na aura, yana ina? Ke naki ya fito kina hura hanci. Da nawa ne ya fito, ko duk garin nan za su tofa masa yawu, ni zan bi shi ina gogewa."

Na ce ba ta san yadda abin yake ba.

Ta ce, "Na fi ki sani." Ta tashi ta bar ni da tukwane.

Na ji haushinta sosai. Yarinyar da ni na koya mata dafa shinkafa ba ta caɓe ba.

Laraba, bayan magariba

Na gaya wa Inna. Ban san me nake so ta ce ba. Na ce mata ya daina ɗaura jakar, shi ke fara sauka, da hannu ɗaya.

Tana cin abinci, ba ta tsaya ba. Ta ce, "Ya yi daidai. Ya je ya shaƙi abin da ɗana ya shaƙa."

Inna da ba ta iya ganin an yanka kaza. Ta faɗa da murya irin ta kullum, ta ce in miƙo mata ruwa. Na miƙa mata. Na tsaya ina kallon bakinta yana tauna, na gane maganar. Ita ce na gaya masa a soro, ni dai na yi mata kwalliya ne.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tunda ba mai gani.

Alhamis, da hantsi

Na fita tun gari bai gama wayewa ba, na ce wa Inna shago za ni. Na wuce bakin get ɗin kamfani. Wari ya tare ni tun daga kwana, warin da na yi shekaru ina wankewa daga kayan maza biyu. Suna zazzaune a bencin mai shayi suna jiran a buɗe. Yana tsakiyarsu. An matsa masa wuri, Dogo har ya dafa kafaɗarsa, mai ciwon. Yana dariyar wani abu da aka faɗa, dariyar da ba tasa ba, ta yi masa yawa kamar rigar aro.

Da ya gan ni ya miƙe. Na so in ja shi gefe, sai na ga idanun nan duk a kaina, na ce a'a, a nan aka yi, a nan za a gyara.

Na ce, "An ce ka rataye jakarka."

Ya ce, "Ki je gida, ma yi magana."

Na ce, "In ka shiga ka ɗauke ta ka ɗaura."

Dogo ya ce, "Haba, uwargida, yanzu da muka samu muka yaye shi?" Suka kwashe da dariya.

Na ce, "Dogo, an samo maka ɗaya takalmin kuwa? Wanda ka bari a hanyar get?" Wasu suka fara dariya suka haɗiye. Na ce musu duk na ji su a ƙofar gidanmu suna yabon yayana da shinkafa a baki. Na ce ba wanda ya sauka ya ɗauko shi a cikinsu sai da 'yan kwana-kwana suka zo da nasu tukwanen iskar. Na ce yanzu kuma sun zauna suna jiran wata shinkafar, to ba a gidana ba. Heluma ya ce in yi haƙuri, nan wurin maza ne. Na ce na duba ban gani ba.

Shi kuwa ya jira na gama. Ya matso, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

Ya ce, "Kin san me kike cewa? In na ɗaura, ranar da iskar ramin ta taso zan saka."

Na ce na sani.

"In wani ya faɗi kusa da ni, na ja shi bai taso ba, iskar tana ƙarewa?"

Na ce, "Ka fito."

"Ko wane ne?"

Na san wanda yake tambaya. Shi ma ya san na sani.

Na ce, "Ko wane ne."

Aka buɗe get, suka shiga. Na zagaya ta jikin shingen waya inda ake hango filin. Na daɗe a tsaye. Can ya ɓullo daga bayan bututu da jakar a hannu, ya tsaya a tsakiyar fili yana kokawa da bel ɗin da hannu ɗaya. Ana yi masa fito, wani yana kwaikwayon kukan jariri. Ya ɗaure, ya ja ya ga ko ta kama, ya bi su.

Alhamis, da la'asar

Labari ya riga ni gida, matar Dogo ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Na tarar da Inna zaune a bakin gado, jakata a gefenta, ban san ko ita ta haɗa ba ko matar Yaya.

Ta ce, "An ce kin je kin yi tsiya a bakin kamfani."

Na ce na je.

"An ce ya yi miki magana a kunne. Me ya ce?"

Da na ce mata ba komai, da an wuce wurin. Na gaya mata abin da ya tambaya, na gaya mata abin da na amsa, ban rage ko kalma ba.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ɗana ne fa. Shi ya goya ki."

Na ce, "Na sani, Inna."

Na jira ko za ta ƙara wani abu. Na ɗauki jakar, na durƙusa na ce mata na tafi. Ba ta ce in gaida gida ba.